Gurnanin da ke Ƙarƙashin Muryar Malama

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Lokacin da nake akawu a ofis, wani masinja ya taɓa ce mana wai kowane ɗaki a duniya yana da kukansa. Wai masu ɗakin ba sa ji don sun saba, sai an kawo na'ura ta ɗauka. Ya ce ɗan'uwansa mai shara a gidan rediyo ne ya gaya masa. Muka yi masa dariya, don mutumin nan ko ƙarfe nawa ka tambaye shi sai ya ƙara minti goma daga aljihunsa. Ni na fi kowa dariya. Yau, bayan shekara talatin da ɗoriya, ina neman afuwarsa duk inda yake. Falonmu yana kuka.

Bari in rubuta abin daki-daki. Auta, 'yarmu ta ƙarshe, ta aiko da makirfo a kwali, ta ce in haɗa shi da tsohuwar kwamfutar da ta bar mana in naɗi muryar mahaifiyarta, matata Malama. Labari guda take so: na matar da ta je aron wuta ta dawo da ruwan sama. Malama ta ji shi a bakin kakarta, ta ba 'ya'yanmu, ta ba yaran ajinta duk ranar da suka yi abin kirki. Akwai waƙa a tsakiyarsa, wadda matar ke rera wa gajimare. Jikokinmu biyu da ke wurin Auta ba su kai sauraron labari ba tukuna, ƙaramin ko tafiya bai fara ba.

Nan da kwana goma sha shida, ranar Laraba, za a yi wa Malama aiki a wuya. Likita ya yi dogon bayani. Jimla ɗaya na riƙe: bayan aikin kada mu sa rai da murya. Sauran ba zan rubuta ba.

Ta zauna gaban makirfon ta gyara mayafi kamar mai jiran hoto. Ta ce, "Akawu, in fara, ko sai ka buga min hatimi?"

Ta yi minti ashirin, har inda matar ta isa gida na uku ba a ba ta wuta ba. Da ta tashi na sa abin ji a kunne. Muryarta tana nan, amma a ƙarƙashinta akwai wani gurnani, mmmm, kamar ƙudan zuma a kwalba, bai hawa bai sauka. Na cire abin kunnen, falo tsit. Na mayar, ga shi nan.

Na goge. Na ce mata gobe ma sake.

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na kashe fanka. Na kashe talabijin daga bango. Na je kicin na zare firji.

Malama ta ce, "Maganina fa da ke ciki?"

Na ce, "Minti ashirin ne kawai."

Ta ce, "Haka ka ce ranar da ka cire taga za ka gyara. Kwana uku muna kallon titi, titi yana kallonmu."

Na sa ta ce ɗaya, biyu, uku. Gurnani. Na matsar da tebur, ta sake. Gurnani. Na canza ramin da wayar makirfon ke shiga, ta sake. Sau tara ta ƙirga min zuwa uku, ita da ta koya wa rabin unguwar nan lissafi. Daga nan ta fara labarin, ta kai gida na biyu, na saurara, na goge.

Ta ga hannuna. Ta ce, "Me ka yi?"

Na ce, "Mai kuskure ne."

Ta san ni. Shekara talatin da biyu na yi ina buga takardu a tafireta. A shekarata ta biyu na buga wasiƙa da kuskure, na sake buga mai kyau, na bar su duka a tebur. Aka ɗauki mai kuskuren, oga ya sa hannu, ta tafi inda za ta. Faɗan da na sha har yau in na tuna kunnena yakan yi zafi. Tun ranar takarda mai kuskure ba ta sake minti biyar a teburina ba. Gida huɗu nake yaga ta, kwandon kuma ni nake zubarwa da hannuna. Kwamfuta ma tana da kwandon shara, Auta ta nuna min yadda ake zazzage shi. Na ji daɗin wannan fiye da komai a cikin na'urar.

Saura goma sha biyar.

Laraba, bayan azahar

Na canza soket uku. Yana nan.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Jiya tunani ya kai ni kan maƙwabcinmu mai walda, wanda shagonsa ke jingine da katangarmu. Da sassafe na je.

Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Baba Akawu, lafiya dai?"

Na ce, "Injinka ne ke shiga kwamfutata."

Ya ce, "Ta ƙofa yake shiga ko ta taga?"

Abokan aikinsa suka kwashe da dariya. Na tsaya ina neman yadda zan faɗi dalili ba tare da na faɗa ba. Ashe ba sai na faɗa ba, unguwa ta riga ni. Ya daina dariya, ya dubi ƙasa, ya ce, "Don Malama ne?" Na ɗaga kai. Ya kashe injin, ya ce wa mutanensa kowa ya nemi inuwa, awa guda ba mai taɓa ƙarfe.

Awa guda titinmu ya yi shiru kamar ba a taɓa ƙera ƙofa a cikinsa ba. Gurnanin bai ragu da ƙwayar gero ba.

Da na fita yi masa godiya ya ce, "An dace?" Na ce an samu sauƙi. Mutum ya zaunar da magidanta uku saboda kai, ba ka ce masa a banza ne.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Asibiti da safe. Likita ya leƙa, ya rubuta, ya ce ta rage magana sosai daga yanzu. Ya ce, "Mama, ki ɗauka kamar ruwa ne a randa, ba a ƙara zubawa." Malama ta dube ni. Na dubi kalandar bango.

Auta ta kira da yamma.

"Baba, an yi?"

"Ana kan yi."

"Ka turo min ko kaɗan in ji mana."

Na ce akwai ƙara a ciki. Ta ce ƙarar me, ai ba gidan rediyo za a kai ba. Ta ce in abin ya ƙi in ɗauka da wayar Mama kawai a huta. Na ce waya tana mai da muryar mutum kamar daga cikin gwangwani. Na ce yaran nan wannan kaɗai za su sani na kakarsu, ba zan aika musu da zuma a ciki ba. Sai ta ce, "Baba, don Allah kar ka mai da shi aikin ofis."

Da na ajiye, Malama ta ce a hankali, "Me ta ce?" Na ce tana gaishe ki.

Saura goma sha biyu.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Yau na yi abin da in wani ya yi zan ba da labarinsa shekara guda. Na ce tunda ɗakin ne ke kuka, bari in raba makirfon da ɗakin. Na jingina katifa biyu da bango, na haɗa kujeru, na lulluɓe da barguna uku. Na sa makirfon ciki, na ja waya zuwa tebur, na ce Malama ta shiga.

Ta leƙa ta ce, "Shekara arba'in da ɗaya da aure, sai yau ka gina min ɗaki nawa na kaina."

Ta shiga da rarrafe tana dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya daɗe. Na miƙa mata ruwan ɗumi ta ƙarƙashin bargo. Sai na ji ta ce, "Danna."

Ban san abin da duhun nan ya yi mata ba. Ta ba da labarin tun daga farko har ƙarshe, yadda ban ji ta ba da shi ba tun yara suna ƙanana. Ta yi muryar tsohon da ya hana wuta, ta yi ta akuyar da ke bakin ƙofa. Da ta zo waƙar ta rera ta duka, baiti uku. A na ukun muryar ta karye, ta ɗaga ta ta ƙarasa. Ni ina waje, ina kallon bargo yana motsi.

Ta fito jiƙe da gumi, ta ce, "In wannan ma mai kuskure ne, kai za ka shiga ramin nan gaba."

Na saurara. Yana nan, mmmm, tun daga kalmar farko har ta ƙarshe. A wurin waƙar ma har ya fi fitowa, don ta sassauta murya.

Hannuna ya je ya dawo sau uku. Ban goge ba. Na sa masa suna "mai kuskure" na rufe kwamfutar. Tun ɗazu nake jin sa a cikinta kamar tsakuwa a takalmi.

Litinin, da hantsi

Aikin jiya ya ci mata murya. Yau da hannu take nuna abin da take so.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Na ɗauki kwamfuta da makirfo na kai wa mai gyara a kasuwa, wanda kowa ke kira Injiniya. Mutum ne mai furfura a gemu, shagonsa bai fi faɗin gado ba, matattun kwamfutoci jere har rufi. Cajar na manta da ita a gida, ya ce ba komai, batirin zai kai mu minti goma.

Ya haɗa, ya yi magana, ya saurara. Ya miƙo min abin kunne. Babu gurnani. Akwai mai tallan takalma, akwai babur, akwai rediyon maƙwabcinsa, amma abin da ya hana ni sakat kwana takwas babu shi.

Ya ce, "Baba, lafiyarta ƙalau. Ko dai a kunnenka yake?"

Na ce, "Kunnen nan ya ji ƙarya iri-iri kafin a haife ka, ya san bambanci."

Ya yi dariya. Ya ce to wataƙila wutar gidanmu ce, amma akwai hanya mai sauƙi. Ya sa wata manhaja mai tace hayaniya. Tana da wani ɗan maɓalli da ake ja daga hagu zuwa dama. Ya ce, "Me za ka naɗa?"

Na ce, "Karatu."

Abin da bakina ya iya faɗa ke nan. A kasuwa, a tsaye, mutane suna wucewa, ban iya cewa komai game da wuyan matata ba.

Ya ja maɓallin zuwa tsakiya. Na ce ya kai shi ƙarshe. Ya ce ƙarshe ya yi yawa. Na ce ba na son rabin tsafta. Ya kai. Na yi magana da muryar nan tawa da Malama ke cewa ana ji daga bakin titi. Da muka saurara, kasuwar gaba ɗaya ta ɓace, sai ni kaɗai, kamar a cikin rijiya mai tsafta. Na kusa rungume shi.

Saura takwas.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Na gwada a gida, firji a kunne, fanka tana juyawa, mai walda yana aikinsa. Na karanta bayan kwalin shayi tun daga sama har ƙasa. Tas. Ko numfashin gurnani babu. A fuskar kwamfuta akwai wani layi da ke rawa in ana magana. Da, ko an yi shiru, yakan yi kauri saboda gurnanin. Yanzu in na yi shiru sai ya kwanta siriri kamar zare.

Na kira Malama ta ji. Ta ɗaga min babban yatsa. Ta nuna wuyanta, ta nuna gobe.

Na goge na Lahadi. Na zazzage kwandon. Rabon da in ji kaina wasai haka tun kafin mu fara zuwa asibiti.

Alhamis, da yamma

Ba yau ba.

Juma'a, da yamma

Kalma biyu ta faɗa yau. Ɗaya "ruwa". Ɗayar ban ji ba, ban kuma ce ta maimaita ba.

Asabar, ƙarfe huɗu

Na share makirfon da ƙyalle, na gyara masa zama, na sake gwadawa da muryata. Tas. Komai a shirye yake sai mai magana.

Muryar da ta rage kamar ana jan tsintsiya a kan siminti. Sai na kawo kunne kusa da bakinta.

Ban gaya mata na goge na Lahadi ba. Ba ta tambaya ba. Ina ta gaya wa kaina hutu take bukata, gobe za ta washe. Na ba ta zuma a ruwan ɗumi sau huɗu, har ta ture kofin.

Kakata takan ce mai ba da labari ba ya tsayawa don kare ya yi haushi. Mu a tsakar gida muka ji namu, jakuna suna kuka, jarirai suna kuka, wani yana tari, ba wanda ya taɓa cewa a sake daga farko. Ban san me ya kawo min wannan yau ba.

Saura huɗu.

Litinin, ƙarfe sha biyu na rana

An yi! Alhamdu lillahi, an yi.

Da safe ta yi wanka, ta sa kayan da take zuwa taron iyayen yara da su, ta zo ta zauna da kanta. Na ce ta ƙirga zuwa uku mu gwada. Ta jawo wuyan rigata ta raɗa min, "Ba ni da na gwaji, Akawu. Abin da ya rage na labarin ne. Ko ka danna ko ka bari."

Na danna. Na ajiye abin kunnen a tebur, na matso da kujerata har gwiwarmu ta haɗu, don in ji da kunnena.

Minti arba'in da uku. Da raɗa ta yi shi duka, tana tsayawa tana kurɓar ruwa. Inda ta gaji nakan ce, "To, sai me ya faru?" kamar yadda yara ke yi, sai ta harare ni ta ci gaba. Waƙar ma ta yi, iska ce kawai mai hawa da sauka, amma duk wanda ya san ta zai gane ta. Sau ɗaya na saci kallon kwamfutar, na ga layin nan kwance siriri, na ce a raina, ka ga tsafta.

Da ta gama ta dafa kafaɗata ta tashi, ta shiga ta kwanta. Zan ci abinci, sannan in saurara a natse.

Litinin, ƙarfe biyu

Muryata ce kaɗai.

"Bismillah, fara." Shiru. Minti shida. "To, sai me ya faru?" Shiru. Tarina. Shiru. "To, sai me ya faru?"

Sau bakwai na tambaya. Tas muryata ta fita.

Litinin, ƙarfe biyar

Na ƙure ƙarar har ƙarshe. Na saurari minti arba'in da ukun sau biyu. A wuri ɗaya akwai wani abu kamar rabin kalma. Ina jin kofi ne ta ajiye.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Kafin Injiniya ya buɗe shago ina bakin ƙofa. Wannan karon na kwaso komai har caja. Ya saurara, ya dube ni, ya ce wa ke magana a nan. Na gaya masa. Duka na gaya masa, a tsaye, mutane suna wucewa, abin da na kasa faɗa makon jiya.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce, "Baba, ai da ka faɗa min. Abin nan murya mai ƙarfi ya sani. Duk abin da ya yi kama da iska ko shashshaka, hayaniya yake ɗaukarsa. Kuma tun kafin ya ajiye yake sharewa. Ba a ɓoye take a ciki ba. Ba ta shiga ba."

Na ce, "Ita ce hayaniyar ke nan."

Ya mayar da tabaran fuskarsa.

Na ce akwai na baya, na goge su, na ji ana cewa kuna iya dawo da abin da aka goge. Ya ce wani lokaci. Ya kori mutum biyu da suka kawo gyara, ya zauna a kai awa biyu. Ya samo sunayen, har "mai kuskure" na gani da idona a jere. Ya danna, ba ya buɗewa. Ya ce cikin kwamfutar ƙarami ne kuma a cike yake, sababbin da na yi ta naɗa sun zauna a gurbin tsofaffin. Wato kwalin shayin da na karanta, da shirun jiya.

Ana cikin haka batir ya yi ƙasa, ya karɓi cajata ya soka a bango. Abin kunnen yana kunnensa, manhajar a kashe. Sai na ga ya ɗaga kai. Ya zare cajar. Ya mayar. Ya zare. Ya miƙo min na ji da kaina: a soke, mmmm. A zare, tsit.

Ya ce, "Wannan ce mai kukan. Ba ta asali ba ce. Da ka zare ta ka yi da batir, minti goma goma, da an wuce wurin."

Firji, fanka, katifa biyu, magidanta uku a inuwa. Abin yana gefen ƙafata kwana goma sha biyar, har ina gyara masa zama kar a taka. Ashe masinja ƙarya ya yi, kamar kullum.

Talata, ƙarfe shida na yamma

An kwantar da ita a asibiti, an ba ta gado na uku daga taga. Ƙanwarta za ta zauna da ita, an ce maza su tafi.

Da zan fita ta kama hannuna, ta jawo ni, ta ce, "Ya fita?"

Na ce, "Ya fita."

Ta ce, "Tas?"

Na ce, "Tas."

Ta saki hannuna ta lumshe ido. Wannan ce kalmar ƙarshe da na ji a bakinta.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya

Sun shiga da ita ƙarfe tara. Bencin ƙarfe ne, mai sanyi.

Laraba, ƙarfe huɗu

Ta fito. Likita ya ce an yi nasara. Ya ce abin da ya gaya mana tun farko, haka ne.

Juma'a, da rana

Auta ta iso jiya. A barandar asibiti ta ce in ba ta ta ji. Na ce kwamfutar tana wurin gyara. Tana gida a ƙarƙashin gado.

Ta kunna min saƙonnin murya da uwarta ta riƙa tura mata a waya. "Kin ci abinci?" "Ki sa wa yaron nan hula." "Babanki ya sake ɓatar da makulli." Da yawa, ba mai kai minti ɗaya. Auta tana kuka tana cewa Allah ya sa ma an samu labarin. Na ce zan je in sayo ruwa. Ruwa yana hannuna.

Talata, da hantsi

An sallame mu. Auta ta koma wurin yara jiya, na ce zan tura mata. Malama tana da ɗan littafi da biro a wuya, ɗaure da zare. Rubutunta na allo ne, manya manya, ana gani daga ƙofa.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Ta rubuta: KUNNA MIN.

Na ce batir ba caji. Ta nuna soket. Na ce abin kunnen ya lalace. Ta dube ni irin kallon da take wa yaron da ya ce akuya ta cinye littafinsa.

Na ɗauko kwamfutar na kunna mata. Ta ji ni ina cewa ta fara. Ta jira. Ta ji ni ina tambaya sai me ya faru. Ta jira har tambaya ta uku, sannan ta cire abin kunnen ta ajiye a hankali. Na yi mata bayanin manhajar, da maɓallin, da wanda ya ce a kai shi ƙarshe.

Ta rubuta: NA BARGO FA?

Na kawar da kai.

Ta rubuta: KA YAGA?

Na ce, "Na yaga."

Ta rufe littafin, ta shiga ɗaki. Da ta iya faɗa, da na samu sauƙi.

Juma'a

Ba ta rubuta min komai ba.

Asabar

Ta rubuta wa ƙanwarta shafi biyu. Ni ta nuna min gishiri da yatsa.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Da hantsi na fito na tarar ta ɗora kwamfutar a tebur, makirfon a gaban kujerata, cokali a hannunta. Ta turo littafin: ZAUNA. KAI ZA KA FAƊA.

Na ce ban iya ba. Ta rubuta: SHEKARA 41 KANA JI.

Na kashe manhajar. Na kai hannu zan zare caja, na ce mu yi minti goma goma. Ta buge min hannu da cokalin, ta danna cajar ciki sosai. Ta rubuta: SAU ƊAYA. BA TSAYAWA. BA GOGEWA.

Na fara. Ashe jin labari daban, riƙe shi daban. Na kai matar gida na uku kafin na biyu, cokali ya bugi tebur, ƙwas. Na koma. Na manta akuyar, ƙwas. Na yi muryar tsohon, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba dariya ce ko ɗayan. Duk ƙwas ɗin nan ya shiga, da gurnanin, da injin mai walda.

Da muka zo waƙar ta rubuta min baitocin uku. Kalmomin ke nan. Karin rera ta fa? Na ɗauko wani, ƙwas. Na ɗauko wani, ƙwas. Ta buga min kiɗan a tebur da cokali, ta buɗe baki tana yi, ba abin da ke fita. Na sake gwadawa. Ta girgiza kai, ta ajiye cokalin. Kwana goma sha uku da suka wuce aka rera min ita gwiwa da gwiwa, hankalina yana kan layi siriri. 'Ya'yanmu wataƙila sun riƙe wani abu, amma Auta ta taɓa ce min baitin farko kawai take tunawa, shi ma ba tabbas.

Na karanta baitocin kamar wasiƙa. Sannan muka yi shiru daidai tsawon waƙar, ita tana ƙirgawa da yatsu, har ta ɗaga min kai na ci gaba.

Da matar ta dawo gida da ruwan sama a bayanta, labari ya ƙare, na kai hannu zan tsayar. Malama ta riƙe hannuna, ta nuna makirfon da haɓa. Na gane. Ba a rufe labari ba a faɗi inda aka samo shi ba.

Na ce, "Ku da za ku ji wannan, ni kakanku ne, kuma ba muryata aka so ku ji ba. An ba da shi da kyau har sau biyu, ni na ɓatar. Ƙarar da kuke ji a ƙasa caja ce. Bugun da kuke ji kakarku ce, tana nan kusa da ni. Shirun da ke tsakiya, waƙa ce a wurin. Labarin nan kakar kakarku ta ba da shi, ita ma wani ya ba ta. Ni kuwa wadda ta ba ni shi a ƙarshe kakarku ce, ranar wata Litinin da safe, a kan kujerar nan, da abin da ya rage mata. Ni kaɗai na ji."